Laka Biyu a Tebur Ɗaya

Da asuba Sewanu ya tura kwale-kwale daga Makoko,
hayaƙin bandar kifi na bin mu a baya.
Ƙarƙashin gada ta uku na nitsa bututuna,
na danna da ƙirji, na toshe, na zaro:
kamu uku na baƙar laka mai warin ɓaragurbi.
Sewanu ya kau da kai.
“Malama Tasalla, wannan ma biya ake yi a kansa?”
Na ce ana biya, ba dai da yawa ba.

A Akoka an ɗauke wuta,
sai na ja tebur bakin taga.
A dama lakar yau, tana tsatsafo.
A hagu sandar dutse daga akwati na sha tara,
an haƙo ta a rijiya mai zurfi a gaɓar nan
tun ban san hanyar makaranta ba.
Shekarunta, in ji lissafi, miliyan ɗari ko kusa.

Daga gindi ake karanta ta.
Tsakuwa ce farko, mai kaifi, ba ta yi doguwar tafiya ba.
Lokacin Afirka da Amurka ta Kudu
tabarma ɗaya suke kwana,
tabarmar tana yagewa a tsakiya.
Gefe ya rufta, rami ya buɗe baki,
ambaliya ta kwaso abin da ta samu ta zuba.
Na hau da yatsa: tsakuwa ta koma yashi,
yashi ya yi laushi, ya yi laushi,
sai ga baƙin yumɓu, falle kan falle,
da ɓawon wata halitta da ba ta kai ƙwayar gero ba.
Nan teku ya shigo, bai yi sallama ba,
bai kuma fita ba har yau.

Na tsaga lakar safe da zaren ƙarfe.
Ga jan layi, damina ce, kogin Ogun ya aiko.
Ga baƙi siriri, rani, ruwa ya kwanta.
Ga garin katako daga Oko Baba,
marfin kwalba, ƙayar kifi,
da guntun leda mai rabin lambar waya.

Amma dubi nan, ramin tsutsa ya karkace hagu.
Na duba dutsen: ramin tsutsa, ya karkace hagu.
Tattarar da igiyar ruwa ta bari a yashin jiya
ita ce a dutsen, kamar hannu ɗaya ya yi kitson.
Na daɗe tsaye, har shayina ya huce.
Ruwa bai sake ɗabi'a ba:
mai nauyi ya sauka tun a ƙofa,
mara nauyi a kai shi can ciki.

Bambancin na wajen gaggawa.
Waccan ba wanda ya tsaya mata a ka.
Wannan kuwa, jirgin haƙa na zuƙe ta da dare,
tifa ta kai ta Lekki a dasa bene.
Yashin da ke tafowa daga yamma
ya ci karo da katangar bakin tasha, ya tsaya,
gaɓar gabas ta kwana da yunwa.
Wanda zai karanta shafinmu nan gaba
zai tarar an yage ganye da yawa.

Washegari na gaya wa Sewanu
cewa can ƙetare akwai gaɓar da ta dace da tamu
kamar ɓarin ƙwarya da ɗan'uwansa,
kuma har yanzu tana ja da baya,
kowace shekara misalin tsiron farce.
Ya dubi farcensa, ya dubi ruwa.
Ya ce, “To, ba ta yi fushi sosai ba.”
Ya kafa gora, ya ce in yi sauri,
ruwa na janyewa, kuma yana da koma a Ebute Metta.